Layi da Ɗan Akwati

Na ƙera wa Kawu Modi manhajar bashi,
shi da ke auna albasa a Ramin Kura.
Kowane mai bashi da layinsa,
kowane layi da ɗan akwati a gefe:
ka taɓa suna, lissafi ya buɗe,
ka taɓa akwati, an biya ke nan.

Haka na tsara a Mabera, cikin dare.

Da safe Kawu ya dangwala sunan Ladan Direba.
Shiru.
Ya goge yatsa a riga, ya sake.
"Wagga waya taka kurma ta?"
Sai ya danna da ƙarfi, yatsan ya zame,
akwati ya cafe,
buhu bakwai suka tashi a banza.

Ashe ɗan akwatin nan makwaɗaici ne.
Duk taɓin da ya shigo, nasa.
Ya tsaya bakin ƙofa ya hana layi jin sallama.

Na kwana ina raba musu gado.
Na ce wa akwati: sauke hannu,
amsa in an kira ka kawai.
Na faɗaɗa masa fili daidai babban yatsan Kawu,
wanda igiyar buhu ta mayar kamar ƙirgi.
Ragowar shimfiɗar, ta layi ce.

Yau ya taɓa suna, lissafi ya fito.
Bai ce madalla ba.
Ya dai miƙo min albasa uku
ya ɗaga murya: "Ladan! Bakwai ɗin nan na nan!"