Kwalin Takalmin Ximena

A Valparaíso, can saman tudu,
inda matakala ke cinye numfashi,
Ximena na da shago, faɗinsa taku huɗu.

Na ce mata ba ni da lokaci,
balle kuɗin littafi mai kaurin bulo.
Ta yi dariya, ta jawo kwalin takalmi.

"Wannan shafi shida ne,
wani direban tasi ya rubuta shi.
Ku zama fatalwa uku a gidan haya
kuna gardamar wa zai tsorata mai gida.
Wancan, 'yan sama jannati ne
da shayinsu ya ƙare.
Ƙwayar lido ɗaya ta ishe ku.

Ga na mutum biyu, wasiƙu
tsakanin mai gadin fitilar teku da ƙanwarsa.
Kar ka taɓa shi ran da kake kewa."

Na ce, dokokin fa?
"Rabin shafi. Sauran na bakinku."

Daren nan a kicin ɗin Anselmo
muka ture kwanuka gefe.
Kakarsa, mai cewa kallo kawai za ta yi,
ita ta kori mai gidan
da tari ɗaya,
ta miƙo hannu, a ba ta ƙwayar.