Ƙarfen da Aka Miƙe

Kwana goma sha ɗaya motar tana Cochrane,
a garejin Baudilio, cikinta a buɗe.
Tumaki tara na sayar na biya kuɗin giyabos.
Da ya miƙo makulli, yana goge giris a wando,
ya ce, "Ta koma sabuwa fil,
har wani ƙarfe na miƙe maka kyauta."
Ban tambayi wane ƙarfe ba.

A kan tsakuwa lafiya lau.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sumul, ko tari babu.
Sai a mashigin kogin Ñadis,
inda hanya ke rikiɗa ta zama taɓo,
na kai hannu ga ƙaramar liba, ta ƙafa huɗu,
na ja.
Ta zo rabi ta cije.
Na taka kuloci har ƙasa, na ja, ta cije.
Na koma firi, na gangara baya kaɗan,
na lallashe ta, na zage ta.
Ko gezau.

Dam ashirin na ciyawa a baya,
tumaki masu ciki suna jira a hayin ruwa,
dusar ƙanƙara ta fara saukowa daga tsauni
ba gaggawa, kamar mai bin bashi da ya san gida.

Rayén, 'yata, shekara goma sha biyu,
ta riƙe tocila, ni na shimfiɗa buhu na shige ƙasa.
Noti a ɗaure.
Fil yana raminsa.
Robar haɗi sabuwa ce, har da ƙamshin kanti.
Na zare sandan da ke haɗa liba da akwatin giya,
na tura hannun akwatin da babban yatsa.
Ƙas! Ya shige.
To, ciwon ba a ciki yake ba,
tumakina tara ba su tafi a banza ba.

Na mayar da sanda. "Ja!"
Ta ja. Ya cije.
"Sake."
Sanyi ya cinye mini yatsu uku.
Ina shirin ɗora laifi kan Baudilio da kakanninsa
sai hasken tocila ya kauce daga inda na ce a haska.
"Baba, me ya sa nan yake ƙyalli?"

Ƙuje ne, bai kai faɗin farce ba,
a jikin ƙarfen da ke tallafe da giyabos.
Nan sandan yake tokarewa.
Sanda miƙaƙƙe sak, gwanin kyau.

Sai na tuna.
Ina kamar shekarunta motar nan ta faɗa kwazazzabo,
ƙashin bayanta ya karkace, bai sake daidaita ba.
Tsohona ya cusa sandan nan a murhun girki
har ya yi ja,
ya lanƙwasa shi a jikin turken shinge,
uwata tana faɗan ya ɓata mata burodi.
Shekara talatin lanƙwasar nan tana kewaye ƙarfen,
ba ta a littafin kamfani,
wanda ya san dalilinta kuma yana maƙabarta.

Ba murhu a bakin kogi.
Na soka sandan a ƙugiyar jan tirela,
na zura masa bututun jak, na hau da nauyina.
Na farko ya yi kaɗan.
Na biyu ya zarce.
A na uku na daina aunawa da ido,
na bar hannu ya tuna abin da ya gani.

"Ja!"
Ƙas.

Muka shiga ruwa, tayoyi huɗu suna haƙa tare.
Rayén ba ta saki libar ba har muka haye.

Baudilio gwani ne, aikinsa ba makusa,
ya ga karkatacce ya miƙe, haka aka koya masa.
Ran Asabar zan kai masa cuku.
Amma daren nan, kafin in cire takalmi,
na nemo jan fenti, na shafa wa lanƙwasar,
na kira Rayén ta sake riƙe tocila
ta ga wurin da kyau.