Takalmin Hagu

Ƙarfe biyun dare, ina aikin kwana a farmasi,
fanka na juyi, titin Zango ya ɗauke ƙafa,
sai ga Baba Tanimun da tocila a hannu.
Ya ce, Barira, an ce barci ɓarawo ne,
to nawa ɓarawon ya tuba,
yau kwana tara bai hauro mini katanga ba.

Na ba shi benci. Na ce, a tsakiyar ƙwaƙwalwa
akwai ɗan ƙullutu, bai fi ƙwayar shinkafa ba.
Da duhu ya sauka yakan saki melatonin,
ya bi jini yana neman gurbinsa,
in ya samu ya zauna,
jiki ya san dare ya yi.

Shi wannan na jiki ba ruwansa da dama ko hagu,
wutsiyarsa lanƙwasawa take yadda gurbi ya so.
Amma wanda masana suka ƙera,
suka ɗaure shi da zobba don ya tsaya ƙyam,
wani sa'in tagwaye yake fitowa:
kayan haɗi ɗaya, nauyi ɗaya,
sikeli ba ya raba su,
sai dai ɗaya hoton ɗan'uwansa ne a madubi.
Ɗaya ya shiga gurbi ya zauna daram.
Ɗayan ya tsaya a bakin ƙofa
yana ta sallama, da ƙyar ake amsa masa.

Baba ya yi dariya har da tari.
Ya ce, wannan ne karatun da kika yi shekara shida?
Shekara arba'in ina dukanci a Birni.
Fata ɗaya, wuƙa ɗaya, basilla ɗaya,
amma sa na hagu a ƙafar dama
ki taka daga nan zuwa Mirriya
ki zo ki ba ni labari.

Ya haɗa tafukansa, suka dace.
Ya ɗora ɗaya a bayan ɗaya,
manyan yatsun suka juya wa juna baya
kamar maƙwabtan da suka yi faɗa a kan famfo.
Ya daɗe yana kallon su,
hannuwan da rini ya cinye wa farce.

Ya ce, to ba ni na daman.
Na ce, Baba, ba mu da shi a nan,
ko da akwai, sai da takardar likita.
Ka dai riƙa kashe ƙwan lantarkin da ke bisa kanka,
haske ne ke korar…

Na waiga.
Ya jingina da katan ɗin ruwan gishiri,
baki buɗe, tocilar na ci a cinyarsa.
Na kashe ta.
A ƙarƙashin benci ya tuɓe takalmansa a karkace,
na dama a hagu, na hagu a dama.
Na durƙusa a hankali
na mayar da kowanne gurbinsa.