Taku Ɗari Biyu

Dillalin can ya rubuto
wai daga ƙofar gidan zuwa bakin teku taku ɗari biyu ne.
Da la'asar na fita na auna.
Daga zaurenmu na Gwammaja taku ɗari biyu
ya kai ni daidai teburin Sagir mai shayi,
gefen kwatar da ke tumbatsa duk damina.
Na tsaya nan ina ƙoƙarin hango teku
har mai adaidaita ya danna min hon.

Filin Ɗanbare muka sayar,
wanda Baba ya kafa wa turaku huɗu da hannunsa
shekarar da aka yaye ni,
yana cewa ko ba komai ƙasa ba ta ruɓewa.
Kuɗin da suka cika jaka muka kai Wapa.
Ɗan canji ya lashi yatsa, ya ƙirga,
ya miƙo mana abin da bai cika ambulan ba.

Da dare aka ɗauke wuta.
Muka baje tabarma a tsakar gida, waya a hannun Mudassir,
fuska biyar a kan haske ɗaya.
Ga falo. Ga matakala.
Ga wata taga mai faɗin bango,
bayanta shuɗi ya haɗe da shuɗi,
ba ka gane inda ruwa ya tsaya sama ta ɗauka.
Barira ta ce ɗakin bene nata ne, kowa ya shaida.
Auta, da iyakar saninsa da ruwa
jarkokin 'yan ga-ruwa ne da kududdufin bayan makaranta,
ya ce, to wa yake kashe famfon in ya cika?

Inna ba ta yi dariya ba.
Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido,
ta ce, ina gabas?
Muka dubi juna.
Ta ce, wa ke hannun dama, wa ke hagu?
In gishiri ya yanke miki ana tsaka da miya,
katangar wa za ki leƙa?
Mudassir ya ce, Inna, gishiri dai ga shi nan har ƙofa.
Ta harare shi.
Ta ce, ruwan da ba a sha, ba a wanki da shi,
don me yake ƙara wa gida kuɗi?
Ya ce, don kallo ne.
Ta ce, to.
Wannan to ɗin na san shi tun ina 'yar firamare.

Takardun sau uku na karanta su
a ɗakin gwajin jini, tsakanin kwalba da kwalba.
Wai iskar can tana cin ƙarfe,
ta ci kwaɗo, ta ci ƙusa.
Wai ruwan yakan matso kaɗan-kaɗan,
akwai inshorar da za mu riƙa biya saboda haka.
Gida a bakin ruwa, bashi kuma ba ruwa:
wata uku muna neman bankin da zai yarda.
Shekara ashirin da biyar.
Ranar da gidan zai zama namu
Auta ya ajiye gemu,
ni kuma na kai shekarun Inna na yau,
ina nisanta waya da ido.

Ran Talata na sa hannu.
Babu wanda ya yi guɗa, maɓalli kawai na danna.

Inna na ƙulla mana kuka da daddawa,
leda cikin leda, kada masu bincike su ji wari.
Ba ta ɗago ba ta ce,
na ga akwai wani ɗan ɗaki a ƙasa, kusa da madafa.
Gwiwata ba ta hawa bene.
Na ce, Inna, ashe za ki zo?
Ta ce, wa ya ce zuwa zan yi?
Ku dai bar shi.

Bayan isha na koma wajen Sagir sayen burodi.
A hanyar dawowa na sake ƙirgawa:
ɗari da casa'in da shida.
Na tsaya a bakin zaure da leda a hannu,
ban san inda huɗun suka shiga ba.