Buhu Ɗari Uku da Bakwai

Ƙarfe tara na dare a bakin kwaltar Galmi,
kamyo biyu tsaye, hancinsu ya nufi Abijan.
Warin albasa ya shiga rigata, ya shiga bakina,
har shayin da na kurɓa albasa yake ɗanɗano.

Ni ne mai ƙidaya, shekara shida ke nan.
Kaye a hagu, bik a dama,
buhu ya hau, in ja layi,
buhu ya hau, in ja layi.
Manoma sun tafi barci, sun bar mini guminsu.

Sai ga Sila.
Sila da muke benci ɗaya ranar Lahadi,
shi ke riƙe muryar ƙasa in mata sun ɗauki ta sama.
Ya dafa kafaɗata kamar zai yi mini addu'a.
Ya ce, Barnaba, ɗari uku da bakwai ka ƙirga,
rubuta ɗari uku.
Bakwai ɗin namu ne, ni da kai da direba.
Wa ya taɓa rasa moɗa ɗaya a tafki?

Da baƙo ne, da na tofar da yawu na wuce.
Amma jaraba ba ta zo mini da ƙaho ba.
Ta san sunan ɗiyata,
ta san tarin da ke hana ta barci,
ta san takardar magani da ke aljihuna kwana tara
har ta yi laushi kamar ganyen yakuwa.
Jika goma sha takwas.
Na riga na raba kuɗin a kaina
tun bakina bai ce komai ba.

Na ce bari in kewaya.
Kada a kira wannan jarumta, gudu ne.
Na tsaya bayan rudu, inda ake zubar da ruɓaɓɓu,
addu'o'in da na haddace duk sun watse
kamar zabi sun ga shaho.
Kalma uku suka rage: Yesu, riƙe ni.

Sama ba ta tsage ba.
Kare ya yi haushi can wajen asibiti.
Sai hannun tsoho Nomau ya faɗo mini,
tafin da igiyar guga ta farfasa
wata huɗu yana ban ruwa tun asuba.
Bai san baƙi ko ɗaya a takarda ba.
Da yamma ya dangwala yatsa a kayena, ya ce,
ɗan Almasihu, abin da ka rubuta shi ne nawa.

Shi ma Wanda nake kira,
da yunwa aka same shi a jeji aka taya masa ciniki.
Ya san nauyin wannan daren.
Ban ji murya ba,
na dai ji gwiwata ta daina rawa.

Na dawo na rubuta bakwai ɗin,
na danna bik har takarda ta huje.
Sila ya ja tsaki, ya ce tsarki ba ya sayen ƙwaya.
Ban ba shi amsa ba, don ban da ita.

A gida Rifkatu na zaune, fitila a ƙasa,
yarinya na tari a bayan labule.
Na faɗa mata duka, har rabon da na yi a kaina.
Ta daɗe shiru.
Ta ce, gobe sai a kai jar akuya kasuwa.
Ta tura mini tuwo. Ya huce. Na ci.

Jibi Lahadi, zan ba Sila hannu a benci,
ban san da wace fuska ba.
Litinin kamyo uku ne.
Ƙarfin da aka ba ni na daren nan ne kaɗai,
irin ruwan rijiyar fadama:
ba a tara shi,
kullum sai an sake zura guga.