Zarnin da Hanci Bai Ji Ba

Ɗaya ga wata, a Drenthe.
Na jingine keke jikin shingen waya,
ana yayyafi, ƙasa ta jiƙe sharkaf.
Turke na goma sha bakwai na nan tsaye
tsakiyar furen heide da kakata ke so.

Bututu uku, ko ɗan yatsa ba su kai ba,
baki ƙasa kamar jemagu masu barci.
Cikin kowanne 'yar takarda ce
da aka jiƙa da tsamin lemo.
Wata guda tana zaune, ba ta ce uffan ba,
duk amoniyar da ta gifta ta cafke ta,
riƙon mai bin bashi.

Kafin in taɓa sai na sa safar hannu,
in kau da kai, in ɗauke numfashi,
don abin da nake farauta yana jikina:
gumina da hucina duk shaidun zur ne.
Na huɗu na cikin jaka, ba a taɓa buɗe shi ba,
shi zai tona ni in hannuna ya yi ƙarya.

A ɗakin gwaji Femke za ta wanke takardun,
ta ɗiga magani, mu jira.
Wani ruwan ya fito fari-fari kamar sararin asuba,
wani kamar an tsamo shi daga marina.
Haske ya ratsa shuɗin, na'ura ta faɗi lamba.

Akwai masu harba haske tsakanin madubai
su karanta iska minti-minti,
akwai tauraron da ke leƙowa daga sama.
Ni dai keke, da tsani, da haƙuri.

Bayan itatuwan can, shanun yayana ne,
tamanin da shida, kowace da sunanta.
Auke ya zuba mini kofi ya ce,
"Hiltje, ni hancina bai ji komai ba."
Gaskiyarsa.
Barbaɗen gishiri ne a tankin madara goma,
wane harshe zai ɗanɗana?
Amma heide ta ɗanɗana.
Ciyawa ta ƙoshi da takin da ba ta roƙa ba,
ta yi ƙiba, ta danne furen.

Na goma sha bakwai ya fi kowa shuɗi.
Na daɗe riƙe da biro.
Da madarar gidan nan aka biya mini makaranta.

Na rubuta lambar yadda ta zo,
na rufe littafin,
na je na taya shi tatsar yamma.
Bai tambaya ba.