Lissafin Baba Nomau

Ƙarfe huɗu na asuba a Mil Sha Biyu,
tirelar albasa ta iso daga Aliero tana huci.
Buhu na bakwai yana kan wuyana
waya ta yi ƙara a aljihu.
Ban duba ba, na san Baba ne,
shi kaɗai ke riga ladan tashi.

Mu goma sha ɗaya ya haifa,
ban da ukun da ke kwance bayan tsamiya.
In aka ce, Nomau, ba ka gaji da yanka rago ba?
sai ya nuna fadama da haɓa:
Wa zai riƙe galma ran da bayana ya ƙi?
Ba ni da fansho, ban san ƙofar banki ba,
rumbuna nake ginawa, masu ƙafafu.

Masu ƙafafu kuwa sun yi tafiya.
Jatau yana Fatakwal, damina huɗu ba a ji muryarsa ba.
Tanko na gadin wani gida a Lekki,
albashinsa kan mutu tun wata bai yi rabi ba.
Mati ya sayar da kasonsa na gona ya sayi babur,
aka kama babur ɗin a Ikeja ranar wata Talata.
Matan cikinmu kowacce na fama da murhun gidanta.
Ni ne mai turawa, dubu goma sha biyar,
wani watan sha biyu, in ruwa ya ruɓar da kaya.

Amma mai ɗaga Baba zuwa bayan gida,
mai dama masa kunu, mai juya shi in gefe ɗaya ya gaji,
Barmo ne,
wanda shan-inna ya karkace wa ƙafa tun yana rarrafe,
wanda Baba kan tsallake in yana ƙirga hannayen noma.
Shi ƙafa ba ta kai shi tasha ba.

Da azahar na kira, ina zaune kan buhu.
Ya tambayi Ikko, ya tambayi teku, kamar maƙwabciyata ce.
Sai ya sauke murya:
Har yanzu biyun ne?
Na ce biyun ne, Baba.
Ya yi shirun da ya ci mini kati.
Ya ce, tukunya ma sai da duwatsu uku take zama.

Ta ina zan fara gaya masa?
Ɗaki ɗaya ne a Agege, labule ya raba shi.
Iya mai gida takan ƙirga takalman bakin ƙofa
kafin ta faɗi kuɗin haya.
A can, ɗan shekara shida ya isa korar awaki daga shuka,
a nan sai ya yi gemu yana cin kuɗin makaranta.
Hansatu ta sha wuya a haihuwar Rumasa'u,
leda biyu ta jini, na sayar da agogona.
Ban faɗa ba. Na ce, a sa mu a addu'a.

Da dare an ɗauke wuta, zafi ya kore mu waje.
Nazifi na cin burodi, yana zagin sauro da Yarbanci.
Na ce, kai, in na tsufa wa zai riƙe ni?
Ya haɗiye lomarsa, bai ko yi tunani ba:
Ni mana, Abba.
In na je ƙasar waje zan riƙa turo maka ta waya,
kamar yadda kake yi wa Kaka.

Uwarsa ta yi dariya, ni ma na taya ta.
Sai na tsinci kaina ina kallon ƙafafunsa,
lafiyayyu, dogaye, duk ƙurar ƙwallo.

Kafin in kwanta na tura dubu biyu daban.
Na ce wa mai shagon garinmu,
wannan ba ta Baba ba ce,
ka ba Barmo a hannunsa.